Batiran Inna

Zakariya'u ya tsaya a garejin Katung da ke Wheaton ta Amurka ne don a ƙara masa iska a taya kawai. Ƙaramar tirelar da ya ɗaura wa motarsa ta cika maƙil, tayoyinta sun baje a ƙasa, ga kwantenar da za ta Nijar yau za a rufe ta a Baltimore.

Nasa kayan ba su da yawa: manyan batiran sola ne da ya saya wa mahaifiyarsa a Damagaram, don fanka ta riƙa juya mata idan an ɗauke wuta a bazara. Tsohuwar ba ta iya barci in zafi ya yi zafi. Sauran duk saƙon mutane ne. Mutanenmu kuwa, da sun ji an ce kwantena, kowa sai ya tuna yana da dangi. Wannan ya kawo keken ɗinki, waccan ta kawo katan-katan na man shafawa, kowa da bakinsa "ai ba nauyi". Shi kuma bai taɓa iya cewa a'a ba.

Katung, bakanike ɗan kudancin Kaduna, ya durƙusa ya dafa taya, ya janye hannu da sauri.

"Malam Zakari, daga gidanka zuwa nan har ta yi wannan zafin?"

"Ƙara mata iska dai, ta miƙe."

"Iskarta ta kai iyaka. Duba lambar nan da ke gefenta, nauyin da za ta iya ɗauka ke nan. Ko na dura mata iska har gobe ba za ta wuce shi ba. A babban titi za ta fashe da kai."

Suka hau sikelin da ke maƙwabtaka. Kaya sun zarce da wajen kilo ɗari biyu.

Zakariya'u ya kwance igiya. Ya taɓa keken ɗinkin, ya tuna mai shi bazawara ce. Ya taɓa katan ɗin Hajiya Furera, wadda ta yi jinyar matarsa da ta haihu. Duk abin da ya ɗaga, sai ya ga fuskar da zai haɗu da ita ranar Juma'a. Ya gaji da su duka, ya kuma ji haushin kansa.

Batiran kaɗai ne ba wanda zai tare shi a kansu. Shi da Katung suka ciccibe su ɗaya bayan ɗaya zuwa lungun gareji, tayoyin suka ɗago.

Yana hawa hanya wayarsa ta yi ƙara. Inna ce.

"Zakari, kayan kuran ɗin nan, na wutar fanka, sun taso?"

"Inna, sai kwantena ta gaba."

"Yaushe ke nan?"

"Bayan damina."

Yana jiyo ƙarar mafici a hannunta.

"To, ba komi. Allah shi kai mu."