Tiyo Uku a Saman Soro

Makka ba ta da teku, amma wannan bai hana matsalar jirgin ruwa hawowa har saman sorona a unguwar Zahir ba, a shekarar 1384 ta Hijira, bayan na ajiye aikin akawu ina zaton na rabu da damuwar mutane.

Wanda ya kawo ta shi ne Wada, ƙanin matata Ummulkhairi. Yana da ƙaramin jirgi mai inji da ke ɗebo alhazan ƙasarmu daga Sawakin zuwa Jidda. Komai na jirgin lafiya lau, ban da tiyon da ke kwashe ƙazanta daga makewayi zuwa teku. Ba ya yoyo, amma wari na ratsa robarsa kamar yadda ruwa ke tsattsafowa ta jikin randa. Shekara da shekaru Wada na danne shi da turaren wuta. To, alhazai a tsakiyar teku suke ɗaura harami, kuma mai harami ba ya taɓa turare. Bara wani dattijo ya kasa daurewa, ya rungumi kaskon turaren, aka ce sai ya yi fidiya. Madugun ayarin, Alhaji Zali, ya aiko da saƙo cewa in bana ma haka ne, mutanensa sun bar jirgin Wada ke nan.

Wada ya zazzage guntayen sabon tiyo uku da ya karɓo a wani kanti a Jidda a gabana, bai ko zauna ba.

"Malam, kai ka yi karatu. Zaɓa mini."

"Karatuna bai kai babin tiyo ba. Me mai kantin Jidda ya ce?"

"Ya rantse a kan kowanne."

Ɗaya fari ne mai santsi, ɗaya ja mai laushi, na ukun baƙi ne mummuna, da waya a cikin jikinsa, ba ya lanƙwasuwa sai da kokawa. Dukkansu warin sabuwar roba suke. Na ba da shawarar da har yau ake yi mini gori a kanta: a cika kowanne da abin da aka yi shi dominsa, a toshe bakunan da itace da kwalta, a wanke bayansa tas, a shanya a rana. Wanda ya riƙe sirrinsa shi ne namu.

Ummulkhairi ta dube mu, ta ce, "Mazan wasu daga Jidda kifi suke kawowa."

Daga ranar gidana bai sake samun natsuwa ba. Dole jirgi ya tashi zuwa Sawakin kafin watan Zulƙida ya kama, ga tiyo ba a ɗaura ba. Wada ya hau soro, ya sauko, ya sake hawa. Ya ɗauki loma, ya ajiye, ya tafi sunsunawa. Sai a lokacin muka gano abin da ya kamata mu fara ganowa: hancinsa ya daɗe da mutuwa a jirgi, nawa kuwa garin taba ya gama da shi tun ina ofis.

"Yaya, don Allah ki taimaka," in ji Wada, yana duban Ummulkhairi.

"Hancina na miya ne. Halas, magana ta ƙare."

Ya roƙi maƙwabcinmu Mukhtaru mai sayar da turare, shi kuma ya ja da baya yana cewa, "Ya shaikh, da hancin nan nake ciyar da iyali."

Wada ya fara maganar ɗaukar farin kawai, tun da ya fi kama da abin kirki. Ana cikin haka Ummulkhairi ta hau shanya da hantsi, sai muka ji ta ƙwala kira.

"Malam! Ku zo ku sallami baƙinku!"

Farin tiyon ya koma baƙi ƙirin saboda ƙudaje. Jan ma ya yi jama'a daidai gwargwado. Mummunan kuwa ƙuda ɗaya ya sauka a kansa, ya ɗan zaga, ya tashi kamar wanda ya ɓata adireshi. Wada bai yarda ba, ya kore su, ya sauya wa guntayen wuri. Ƙudajen suka bi farin da jan zuwa sabon mazauninsu.

"Wannan ne ya fi wuyar ɗaurawa," in ji shi, kamar zai yi kuka.

"Kai ƙara wajen alƙalan," na ce.

Ya suri baƙin tiyon, ya nufi tashar motar Jidda da takalmina a ƙafarsa.

Da ayarin ya iso Makka, Alhaji Zali ya zo gaisuwa. Wada na tsaye a bakin ƙofa yana murza hula. Madugu ya yi ƙorafi a kan shayin jirgi, da cunkoso, da igiyar ruwa, har da rana, kamar Wada ne ya rataya ta. Da ya miƙe zai tafi, Wada ya kasa haƙuri.

"Alhaji, makewayin fa?"

"Makewayi? Me ya same shi?"

Wada ya sulale ya zauna a tabarma, ya ce a miƙo masa tuwo. Ni kuwa aka tura ni saman soro, domin farin da jan suna nan inda muka bar su.