Takardar Inna Tani

Kofin kunun ya kife a kan zanin gado kafin in kai hannu. Jannat ta riga ta tsallake shi, tana leƙa ledar ruwan da aka rataya wa matar gado na gaba. Na fizgo ta, na ɗaga hannu.

"Lailatu, aje hannun nan," in ji Inna Tani daga kan filo. Muryarta ta shige ciki, amma Jannat ta ji. "Zo nan, ɗiyata. Warware mani kitson ga, guda ɗaya tak."

'Yata ta hau gadon ta zauna. Shekararta takwas, kuma tun da ta fara tafiya ban taɓa samun ta zauna mini minti biyar ba. A makaranta malamarsu ta gaji da aiko mini saƙo. Na kai ta wurin masu rubutu, na yi duka har hannuna ya yi tsami. Amma ga ta a gadon asibiti, harshe a waje, tana warware furfurar wata mata har kusan rabin awa.

Inna Tani maƙwabciyata ce a Kusada, katanga ɗaya ta raba mu. Daddawa take yi, 'ya'yanta duk sun yi aure sun watse. Ciwon zuciya ya kumbura mata ƙafafu, aka kwantar da ita a Kankiya. Ina kai mata abinci, ina wanke mata kaya, mutane suna sa mini albarka. Ba wanda ya san abin da ke cina duk lokacin da Jannat ta ruga ta wuce ni ta faɗa jikinta.

Rannan wata nas mai suna Rabi ta shigo da takardu, tana bi gado gado. Ta ce hukumar asibiti ke son jin ra'ayin marasa lafiya.

"Inna, ana ba ki magani a kan lokaci?"

"Ana ba ni."

"Tsabtar ɗaki fa?"

"Ba laifi."

"To gaba ɗaya kin gamsu da yadda ake kula da ke?"

"Ban gamsu ba."

Rabi ta ɗago kai. "Me aka yi miki?"

"Ni ba a yi mani komi ba. Ni tawa ta ƙare, na sani. Amma kwana tara yarinyar ga tana zuwa, likitoci na wuce ta, kowa sai dai ya ce a kama ta kar ta yi ɓarna. Ba wanda ya tsaya ya tambayi mi ke damunta. Rubuta haka nan."

Kunya ta rufe ni, sai kuma haushi. Ni na haife ta, amma wata ce ta yi mata magana.

Washegari likitan yara ya ga abin da Rabi ta rubuta, ya sa aka kira mu. Ya daɗe yana yi mini tambayoyi, Jannat tana buɗe masa durowa tana rufewa, bai hana ta ba.

"Ina zaton matsalar riƙe hankali ce," ya ce. "A ƙwaƙwalwa akwai sinadaran da ke kai saƙo tsakanin jijiyoyi, su ke taimaka wa mutum ya tsaya kan abu ɗaya, ya kuma taka wa kansa birki. Nata ba sa aiki kamar na sauran yara. Sau da yawa gado ne. Ba aljanu ba ne, ba kuma rashin tarbiyya ba, kuma duka ba ya gyara shi. Zan ba ku takarda ku je Katsina a tabbatar. Akwai wanda take natsuwa a wurinsa?"

Na ce, "Maƙwabciyarmu."

"To ki lura da yadda take yi da ita. Ki koya."

Na koma ɗakin mata da takardar a dunƙule a hannuna. "Inna, wai me kike yi mata ne?"

"Ba komi. Ke sai ki jero mata magana biyar daga bakin murhu. Ni guda nike faɗi, ina kallon idonta, in kuma ba hannunta aiki." Ta yi tari. "Gobe ki zo da ita, akwai sauran kitso."

Ban zo da ita ba. Na ce makaranta. Washegari ma na ce makaranta, alhali Asabar ce, Inna Tani kuma ta san Asabar ce. Ta dube ni kawai, ta juya fuska bango. Jannat tana gida tana kuka, ni kuwa ina cewa a raina, bari ta saba da uwarta ko na kwana biyu ne.

Ranar Lahadi da hantsi na shiryo ta, na ma saya mata awara a tasha. Da muka shiga, Rabi na naɗe zanin gadon.

"Allah Ya yi mata rasuwa bayan asuba," ta ce a hankali. "Ta tambayi yarinyar sau biyu."

A gidan makoki Jannat ta yi ta zagaye tabarmi, ta zubar da buta, ta taka ƙafar wata baƙuwa. Mata suna ta cewa, "Ƙuruciya, ba ta ma san an yi rashi ba." Wannan karon ban ɗaga hannu ba.

Can sai ta shiga ɗakin marigayiyar, ta fito da silifas ɗinta na roba, waɗanda dunduniyarsu ta cinye. Ta jera su a bakin ƙofa, ta daidaita kawunansu, ta zauna a gefe ta ɗora hannu a kan ɗaya. Na kira sunanta sau ɗaya, ba ta waiwayo ba. Tana nan zaune har aka kira azahar.