Kwana Uku Babu Muryar Lorna

Shekara arba'in da ɗaya na yi ina gyaran tarakta a garinmu, ƙarfe bai taɓa gagara ta ba sai da na buɗe cikin kwamfutar matata.

Lorna ta daina magana shekara biyu ke nan. Ciwon ta harshe ya fara, kuma likitocin birnin Fargo ba su ɓoye mata komai ba. Kafin muryar ta tafi gaba ɗaya, ta yi wata guda a ɗakin ɗinkinta tana karanta jimloli ana ɗauka, har aka haɗa mata muryarta a cikin kwamfuta. Yanzu da yatsa ɗaya take danna haruffa, kwamfutar ta faɗa kamar ita ce. Da muryar nan take ce mini na cika gishiri, da ita take korata wurin aski.

To, sai fankar ciki ta fara kuka kamar tsohon injin niƙa. Ni da nake kwance injin tarakta in mayar, in kira wani saboda fanka? Na sayo sabon masanyayi, dunƙulen ƙarfen nan mai haƙarƙari da fanka a jiki, wanda ake ɗora wa ƙwaƙwalwar kwamfuta don ya zuƙe mata zafi. Na cire tsohon, na ɗora sabon, na rufe, ina ta jin kaina. Na kunna, Lorna na tsakiyar magana sai allon ya yi baƙi ƙirin.

Na sake kunnawa. Minti huɗu, ta mutu. Na sake, ta sake. Hannun Lorna ba ya iya riƙe biro, saboda haka gidan ya yi tsit. Tsoro ya kama ni sosai, don na tabbata na ƙona abin da ba a sayar da shi a ko'ina. Kunya ta hana ni haɗa ido da ita. In ba ta abinci, in gyara mata matashi, in sulale gareji ina goge sifanonin da ba su yi datti ba. A rana ta uku ta kafe hoton ƙanwarta Marlys da ido, ta ƙi ɗaukewa har sai da na ɗauki waya.

Marlys ta iso da hantsi a tsohuwar akori-kurarta, jakar kayan aiki a kafaɗa, farantin lefse, siririyar gurasar dankali, a hannu. Shekara ashirin da biyu ta yi tana gyaran kwamfutocin makarantar sakandare, kuma tun ranar aurenmu ba ta taɓa raga mini ba.

"Yaya, sannu," ta ce, ta sumbaci Lorna a goshi. Sannan ta juyo kaina. "Kai kuma mijin Yaya, kwana uku? Da tarakta ce ta yi tari da tuni ka tara gari."

"Marlys, don Allah ba yau ba."

"Yau ɗin dai. Ɗauko mini ita."

Na kwantar da akwatin a teburin kicin, na turo keken Lorna kusa don ta gani. Marlys ta buɗe, ta taɓa masanyayin da ɗan yatsa. Ya yi girgiɗi kamar haƙorin tsoho.

"Wane ne ya ɗaure wannan? Kaza?"

"Allon cikin da ake ɗaure shi a kai ba shi da kauri," na ce. "Na ji tsoron kada in fasa."

Ta kwance shi, ta juya gindinsa sama. Ta miƙo mini har hanci. Wata siririyar leda ce manne a ƙasan ƙarfen, da jan rubutu a jikinta.

"Orrin Tveit, karanta mini. Da ƙarfi."

"A ɓare kafin a ɗora."

"Ba ka gani ba?"

Na gani mana. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Amma a gidanmu ba a ɓare wa sabon abu leda. Kujerar falonmu tun 1989 take cikin ledarta, haka murfin fitila, haka fuskar murhu. Haka uwar su Lorna ta yi, haka tawa ta yi, haka rabin gidajen garin nan suke, don kaya su daɗe. Hannuna ya ga leda ya wuce, bai ko yi shawara da kaina ba.

"Sabo ne," na ce a hankali. "Na ce kada ya ƙuje."

Marlys ta fashe da dariya har da dafa tebur. "Yaya, kin ji aikinki! Kin hore shi har ya sa wa kwamfuta rigar sanyi!" Na saci kallon Lorna, na ga kafaɗarta na motsi. Dariya take yi.

"Na ƙona ta?" na tambaya.

"Kashe kanta take yi in ta ji zafi, don ta fi ka hankali. Amma ba zan rantse ba sai mun kunna." Ta ɓare ledar, ta goge ƙarfen da ƙwaƙwalwar da auduga da sifirit, ta ɗiga wani maiƙo mai launin toka a tsakiya, daidai ƙwayar wake. Sannan ta miƙo mini sukudireba.

"A'a, ke ki yi."

"Matarka ce ko tawa? Ɗora shi a miƙe, kada ka murza."

Na ɗora. Sukurori huɗu ne, kowanne da sifirin a wuyansa. Na ɗan kama na farko, sai hannuna da kansa ya tsallaka zuwa na kusurwar da ke fuskantarsa, yadda ake ɗaure taya.

"Ashe da sauran kai," in ji Marlys. "Haka. Juyi bibbiyu, ka tsallaka."

Da aka zo zagaye na uku allon cikin ya ɗan yi ƙara, na tsaya cak.

"Ci gaba, tsoho. Sai ƙarfe ya manne da ƙarfe zafi zai wuce. Sukurun ne zai gaya maka ya isa, ba tsoronka ba."

Na ci gaba. Ɗaya bayan ɗaya suka tsaya da kansu, suka ƙi ƙara ko rabin juyi. Marlys ta soka wayar fankar, ta kama masanyayin ta jijjiga. Akwatin gaba ɗaya ya motsa, shi ko gezau.

Muka mayar da ita wurinta muka kunna. Marlys ta hana kowa taɓawa, ta zuba wa lambar da ke nuna zafin kwamfutar ido a gefen allon. Minti huɗu suka wuce. Goma. Ta haɗa kofi, ta shafa wa lefse man shanu da sukari, ni kuwa na kasa zama. A minti na ashirin ta ce, "Talatin da takwas, ko motsi ba ta yi. Yaya, fili naki ne."

Na tura keken Lorna gaban kwamfutar. Yatsan Lorna ya fara tafiya a kan haruffan, a hankali, kamar kullum. Na shirya shan faɗa, kuma wallahi ina marmarinsa. Sai muryarta ta cika gidan, tata sak, ba abin da ya taɓa ta.

"Orrin," ta ce. "Ni ce ba ni da baki. Kai me ya hana ka yi mini magana kwana uku?"

Marlys ta ɗauki kofinta ta fita baranda. Ni kuma na jawo kujera na zauna a gaban matata, na riƙe ɗayan hannun nata, wanda ba ya rubutu.