Lema a Gonar Ango

Sailuba ta tare ƙofar zaure da man kariyar rana a hannunta, mijinta Albashir kuwa ya riga ya saɓa hauya.

"Ka manta abin da likita yac ce?"

"Ban manta ba. Gayya ce, Sailuba. Ango ya kawo mani mutum goma ranar Lahadi. In ban tai ba, wa za shi sake taka gonata?"

Albashir zabiya ne. Wata biyu ke nan da aka yanke masa wani ciwo a bayan kunne a asibitin Bagudo, aka kuma gaya masa gaskiya: in ya ci gaba da gasa fatarsa, ciwon zai dawo, kuma kunnen gaba ɗaya za a cire. Har kasuwar bakin iyaka Sailuba ta je neman man wajen 'yan Benin. Da ƙyar ya tsaya ta shafa masa, yana ta tsaki, ta kifa masa malafa ya wuce.

Da azahar ta kai fura gonar Ango a Geza. Tun daga nesa ta hango malafar a rataye a reshen mangwaro. Wuyan mijinta ya yi jawur, gumi ya wanke man tas. Ashe tsiya aka yi masa, wai amarya ta zo noma da kwalliya, shi kuma gogan ya tuɓe malafar don a san namiji ne.

Takaici ya cika ta. Ta dire ƙwaryar, ta buɗe tsohuwar lemarta, ta shiga cikin shukar ta tsaya a kansa. Ya matsa, ta matsa. Maza suka bushe da dariya.

"Ku yi ta yi," in ji ta. "Ni na wanke ciwon nan sati ukku, ba ku ba."

Dariyar ta mutu. Ango ya sosa ƙeya.

"Albashir, tai gida. Gobe da sassahe ka zo ka ida naka, kahin rana ta hito."

A hanya bai ko dube ta ba. Sai da suka kusa gida ya ce, "Kin kunyata ni gaban maza."

"Na sani," ta ce. Ta ƙara karkata lemar ta ɓangaren kunnen.