Ba Mai Ɗaukar Baba

Tun da safe rediyo ke cewa guguwa ta nufo tsibirinmu, kowa ya hau cocin kan tudu kafin rafi ya cika. Faɗa da baki ba wuya. Ni Leisande, ga goyo, ga 'yata Leimara da ko gudu ba ta iya ba tukuna, ga Baba da ɓarin jikinsa ya shanye tun bara. A da, maza huɗu ne za su sa shi a tabarma su ɗaga. Yanzu kuwa lokacin tsinkar 'ya'yan itace a ƙasashen Turawa shi ne lokacin guguwa a ƙasarmu Banuwatu, kuma duk mai ƙarfi a jika ya tafi.

Na kira ƙanena Kaltang da ke Ostireliya a waya, shi kuma ya haɗo mijina Songi daga Niyu Zilan. Na ɗauka za su gaya mini wa ya rage da zan roƙa. Ashe tsohon musunsu na taso.

"Suruki, har yanzu sanyin bai kashe ka ba?" in ji Kaltang.

"Gara sanyi da ku takwas a ɗaki ɗaya kamar kifin gwangwani," in ji Songi. "Mu nan ko ruwa ya hana aiki sai an biya mu."

"A biya ku me? Abin da kake samu a wata, ni a gonar lemo kafin Lahadi biyu na ninka shi."

"Ku da ba a barin ku zuwa coci?"

Na ce, "Ku saurara mini, don Allah! Guguwa ce tafe. Wa zai ɗauki Baba?"

Kaltang ya ce, "Yaya, ki gwada gidan Kalmet mana."

Na ce, "Kalmet yana aiki a mayanka, a can ƙasarku mai daɗi."

"To Fasto fa?" in ji Songi.

"Fasto da sanda yake tafiya, maigida. Ko ka manta garin naku?"

Songi ya fara cewa in ya dawo zai gina mana ɗakin siminti da babu iskar da za ta taɓa shi, sai layin ya yanke. Raina ya ɓaci.

Na bi gida gida. Duk ƙofar da na buga mace ce ke fitowa da ƙunshi a ka, da yara riƙe da zaninta, da nata tsohon. Maƙwabciyata Leitap ta ce, "'Yar'uwa, bari in kai surukata, in na iya zan sauko." Ni da ita mun san ba za ta iya ba.

Da na dawo iska ta fara kwantar da ayaba. Na sauke goyon, na durƙusa na jawo Baba bayana. Duk ramar da ya yi, ƙashin namiji ne. Da ƙyar na kai shi bakin ƙofa, muka zube tare. Leimara ta fashe da kuka, jaririn ya taya ta.

"Ajiye ni nan," in ji Baba. Bakinsa a karkace yake, amma na ji shi sarai. "Ni ma na yi shekaruna ina haƙar ma'adinai can ƙetare, a Numeya, uwarku ce ta ɗauki nata uban. Kai yaran tukuna."

"Baba, rafin..."

"Kina ɓata lokaci, 'yar nan. Kai su, ki dawo da mata biyu."

Na jingina shi da jikin ƙofa, na lulluɓe shi da bargo. Na goya ɗaya, na saɓa ɗaya a kafaɗa. Ruwan rafi ya kai mini gwiwa da na shiga, kafin in fita ya kai cinya. Na hau tudu ina addu'a ina zagi, ban san wanne ya fi yawa ba. A coci babu kowa sai mata da yara da tsofaffi. Na dire yaran a cinyar matar Fasto. Leitap ta kalle ni, ta ɗaure zaninta ta biyo ni.

Muka gangara muna faɗuwa muna tashi. Tun daga nesa muka ji rurin ruwa. Rafin ya zama jan ruwa, yana tafe da kututturen kwakwa da wani alade ƙafafu sama. Na sa ƙafa, Leitap ta cafke ni ta ƙugu.

"Kina da yara a sama! Kina hauka ne?"

Ta cikin ruwan saman ina hango ƙofarmu. Baba na nan inda na bar shi, iska ta riga ta ɗebe rabin jinkar da ke kansa. Na ƙwala masa kira har muryata ta dushe. Ya gan ni. Ya ɗaga hannun nan nasa mai lafiya, ya nuna mini tudu, ya sake nunawa da ƙarfi, yadda uba ke korar yaro daga bakin wuta.

Ban taɓa ƙin bin maganarsa ba. Leitap na ja na, na juya masa baya.