Daga Baya Ake Yagowa

Littafin ba shi da bango, saboda haka ban taɓa sanin sunansa ba, balle na wanda ya rubuta shi. A bakin kwata na tsince shi a Sabon Layi, shekarar da muka dawo Mubi daga gudun hijira, lokacin da kowa ke share gida yana zubar da abin da ruwa ya ɓata. Na shanya shi a rana, na yanko kwalin sukari na ɗinka masa ta gaba da zaren buhu.

Labarin wani mutum ne mai suna Gaji, wanda babu abin da ya dame shi a duniya sai sanin inda mayo, wato kogi, ke zuwa ya kwanta da rani. Ya ɗauki sanda da gora, ya bi busasshen yashi yana haurawa. Ni ma tun ina yaro nake wannan tambaya in na tsaya bakin kogin Yedzaram, amma duk wanda na yi wa ita sai ya ce in je in ɗaure awaki.

Bokona bai yi nisa ba, da yatsa nake bin harafi. Na yi shekaru ina tafe da Gaji bayan la'asar, wani lokaci shafi guda, wani lokaci rabi. Mun wuce tsakiyar littafin ke nan sai yanar ido ta sauko mini. Inda na tsaya kuwa bai kamata mutum ya tsaya ba: Gaji ya durƙusa ya kara kunne a yashi, sai ya ji ana tari a ƙarƙashin ƙasa. Nan shafin ya ƙare. Na dangwala babban yatsana da jan goro a gefensa don shaida, ina cewa gobe idon zai washe. Bai washe ba.

Na nemi mai karanta mini. 'Yata Hapsatu ba ta rabuwa da karatu, amma a waya take yi, wasu labarai da ake turo mata guntu-guntu, hannu ɗaya a muciya, ɗaya a gilashin waya. Kullum amsarta, "Baaba, bari in gama wannan." Nata kuwa ba ya ƙarewa.

Sai na kai wa Vandi. Tsohon malamin firamare ne, kuma mun tsufa tare a kan benci ɗaya a gindin dalbejiyar ƙofar gidansa. Shi ya taso daga coci, ni daga masallaci, mu haɗu mu zagi gwiwoyinmu.

"Kawo shi, Kadiri," in ji shi. "Amma ni ba na karanta wa mutum kamar ɗan aji biyu. Zan karanta a ɗaki ni kaɗai, in zo in ba ka da baki. Haka ya fi daɗi."

Haka aka yi. Kowace yamma in zo in zauna, in ce, "Ticha, ina Gaji ya kwana?" Shi kuma ya gyara murya. Ya ce mai tarin wani tsoho ne da aka ba gadin ruwa a ƙarƙashin ƙasa. Ya ce Gaji ya shiga ramin, ya tarar da gari guda. Damina ta zo ta wuce muna cikin garin nan. Na dai lura Gaji ya fara ciwon gwiwar hagu, ya kuma tsani wani hedimasta da ya hana shi ƙarin girma. Na ce a raina, ashe ko a ƙarƙashin ƙasa akwai hedimasta. Abin ya ma burge ni.

Wata safiya kwaɗayin ƙosai ya kai ni bakin titi, inda Christy, surukar Vandi, ke suya. Masu Keke sun kewaye kaskon. Ɗaya daga cikinsu, Kwaji, yana cin nasa yana duba takardar da aka ƙunso masa a ciki.

"Ku saurara, ga na yau!" Ya ɗaga murya yana karantawa da cikakken baki. "Sai Gaji ya durƙusa, ya kara kunnensa a yashi…"

Ban san lokacin da na ƙarasa masa ba. "Sai ya ji ana tari a ƙarƙashin ƙasa."

"Kai! Baba, kai ma kana bi ne?"

Na miƙa hannu ya ba ni takardar. Da ɗuminta, mai ya jiƙa ta. Na kai ta dab da idona na dama, mai ɗan sauran gani. Rubutun ban gan shi ba, amma jan goron yana nan a gefe.

"'Yata," na ce da Christy, "ina kika samu wannan?"

"Papa ne ya ba ni, Baba. Tun kafin Ista na bara. Ya ce tsohon abu ne, in an bar shi gara ce za ta cinye." Ta ɗaga abin da ya rage daga gefen tire, kwalin sukarina na reto. "Ina haɗa shi da jarida ne, shi ya sa ya daɗe."

"Sauran fa? Na bayan wannan shafin?"

"Ai daga baya ake yagowa, Baba. In ka fara ta gaba, ɗinkin ya saki, iska ta kwashe maka duka."

Kwaji ya yi dariya. "Mu ƙarshen muka fara ci! Kullum labarin baya yake komawa. Shi ya sa yau muka ji daɗi, mun gane inda tarin ya samo asali. Wallahi Baba, ni ban da nan ba na samun lokacin karatu."

Na ce a ajiye mini ƙosan, na karɓi ragowar littafin. Christy ta ba ni da hannu biyu.

Da yamma na je benci kamar kullum, littafin a cikin riga.

"Ticha, ina Gaji ya kwana?"

Ya gyara murya. "To, jiya ka tuna ya shiga ofishin sarkin ruwa. Sai aka ce masa ya dawo ran Litinin…"

Na bar shi ya yi nisa. Ina jin yadda yake tsayawa yana cewa, "Bari in tuna yadda marubucin ya sa shi." Sannan na ciro shafin na ɗora masa a gwiwar hagu. Ƙamshin ƙosai ya tashi tsakaninmu.

Sai ya yi wata 'yar dariya. "Christy ta faɗa maka."

"Ko shafi ɗaya ka karanta?"

"Na so in karanta. Ka san abubuwa, taron coci, ga saƙonnin tsofaffin malamai a waya ba sa ƙarewa. Na ajiye shi, na ajiye shi. Haba Kadiri, takarda ce fa! Kuma ka faɗi gaskiya, nawa bai yi maka daɗi ba? Har dariya kake yi."

"Na yi dariya."

"To, ka gani."

"Da ka ce ba ka da lokaci, da na kai wa wani. Idona ne ya mutu, Vandi. Kai kuwa ka duba shi ka ga ba zai kama ka ba."

"Zauna mana in ƙarasa maka. Na riga na shirya ƙarshe mai kyau."

Na ɗauki sandana.

Washegari na koma wurin masu Keke, na ce duk wanda ya ci ƙarshen ya faɗa mini. Kwaji ya ce Gaji ya tono mai tarin, ashe mayon ne da kansa, ya tsufa ya kwanta. Ephraim, abokin aikinsa, ya rantse ba haka ba ne, ruwa ne ya taso ya tafi da Gaji, shi ya ci wannan shafin da kunu. Wani ya ce ya tuna akwai wata mata da rariya, amma yaji ya rufe wurin. Suka kaure da gardama har fasinja suka fara tsaki, kowa ya ja Kekensa ya tafi.

Vandi ya aiko sau da yawa. Ran nan ma ya turo mini goro da saƙon cewa bencin ya yi masa faɗi. Na ba Hapsatu goron.

Yanzu bayan la'asar Yedzaram nake gangarawa. Rani ne, ruwa ya janye, sai masu wanki can nesa da masu ɗiban yashi. Durƙuso yana yi mini wuya, amma in na dafa sanda ina iyawa. Jiya wani mai tifa ya tsaya ya tambaye ni ko wani abu ne ya faɗi mini. Na ɗaga masa hannu ya kashe injin, don ƙararsa ta hana ni ji.