Kunnen Masinja

Ƙofar da Ciyaman ya sa aka kafa wa ofishinsa ta fi katifa kauri, an lulluɓe ta da baƙar fata. Kowa a sakatariyar ƙaramar hukumar ya san da kuɗin rufin ɗakin haihuwa aka sayo ta, amma kowa ya ja bakinsa ya tsuke. Sai dai kafintan ya yi aikin gaggawa, ya bar 'yar tazara a ƙasa, kuma daidai wurin bencin tsohon masinja yake.

Masinjan nan shi ya yi ta safa da marwa har aka ɗauki Auta, 'yar ƙanwarsa marigayiya, aikin buga takardu. Marainiya ce, a hannunsa ta tashi.

Ranar da abin ya faru, Ciyaman ya aiki sakatarensa waje, ya ce a turo masa Auta. Makulli ya yi ƙara. Jim kaɗan masinja ya ji kujera ta faɗi, ya ji ta ce, “Yallaɓai, ka ji tsoron Allah!” Sannan ta ƙwala kira: “Kawu!”

Ya miƙe, ya kama hannun ƙofar. Wallahi ya kama. Sai kuma ya saki, ya koma ya zauna. Da ta ƙwaci kanta ta fito, takalmi ɗaya ne a ƙafarta.

Auta ba ta haɗiye ba, ta kai ƙara, aka kafa kwamiti. Shaidarta ɗaya tak a duniya, shi ne Kawu.

Ana gobe za a zauna, Ciyaman ya tsaya a gaban benci, ƙamshin turarensa ya cika baranda.

“Baba, ya jikin mai ɗakin naka? Aikin da aka yi mata ya yi kyau ko?”

“Da sauƙi, ranka ya daɗe. Mun gode.”

“Haba, ai yi wa kai ne. Ga ritayarka ma ta matso, ina sane.”

Da kuɗin hukuma Ciyaman ya biya asibitin, masinja ya sani. To, wanda ya ci ladan kuturu, ai dole ya yi masa aski.

A zauren taro shugaban kwamiti ya tambayi masinja abin da ya ji. Auta tana zaune a gefe, ta zuba masa ido, hankalinta kwance. Bai iya kallonta ba.

“Ranka ya daɗe, kunnena ya yi nauyi. Tsufa ne. Ga shi kun ga irin ƙofar.”

Wani ya yi dariya, ya ce ko ganga aka buga a ciki Baba ba zai ji ba. Aka kori ƙarar, aka sallami Auta saboda ɓata sunan shugaba.

Da yamma masinja yana tsaye a baranda, ya juya baya. Janareta yana ta ruri, ma'aikata suna hayaniyar tashi. Auta ta fito rungume da kayanta, ta tsaya can nesa da shi. A hankali, kamar mai magana da kanta, ta ce, “Kawu.”

Nan take ya waiwayo.

Ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta gyaɗa kai, ta sauka matakala.